Safiyar da Unguwarmu Ta Kashe Wayoyinta

Ƙanena ya fi shekara talatin a Abijan. Ni na kai shi can da kaina, lokacin da nake bin manyan motocin albasa daga Madawa zuwa bakin teku. Na haɗa shi da wani maigida a kasuwa, na koya masa gaisuwar Julanci da ƴan kalmomin da zai nemi abinci da su, na ci gaba da yawona. Na zauna Kumasi, na zauna Lome da Duwala, daga baya Tamanrasat da Jidda, har gwiwoyi suka gaji na dawo ƙauyenmu kusa da Azarori. Shi kuwa can ya kafa gindi, ya yi aure, ya haifi ƴaƴan da Faransanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu.

Shekara goma sha ɗaya muka yi ba mu yi magana ba. Da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali na aika masa sau uku, kullum ya ce yana tafe, bai iso ba sai bayan sadakar arba'in. Ranar da ya sauka na tare shi a zaure, na ce masa ya koma inda ya fito, ni ba ni da ƙane. Ya ɗauki jakarsa ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Wata Litinin da hantsi, bayan an gama tara hatsi, ƴar wayata mai maɓallai ta yi ƙara. Babbar ɗiyarsa ce, wadda na sani tana rarrafe. Ta gaishe ni da Hausa, sauran maganar ta yi ta da Faransanci. Ta ce mahaifinta yana asibiti da ciwon maƙogwaro, wata biyu ke nan muryarsa ta ɗauke, kuma ranar Alhamis za a yi masa aiki. Likitoci ba su ɓoye musu cewa aikin mai nauyi ne ba. Ya rubuta mata a takarda cewa yana son ya ga fuskata kafin a shiga da shi. Na ce ta ba shi wayar.

"Ba ya iya magana, Baba. Sai dai ku ga juna."

Na zauna a kan turmi riƙe da wayar har ta mutu. Matata ta fito daga madafa ta same ni a haka, na gaya mata, ta ajiye ludayin da ke hannunta a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Kayan da za a yi kiran da su muna da su. Shekara biyu kafin nan babban ɗana da ke aiki a Yamai ya kawo mini kwamfutar nan ta ɗorawa a cinya, da muke ce wa ordinater, da wani farin akwatin wifi mai ƙaho biyu da ake sa wa katin waya a ciki, da pano na hasken rana a kan rufi. Idona ya yi yana, gilashin waya ya yi mini ƙanƙanta, amma a ordinater ina gane fuskar mutum. Tafsiri nake saurare da ita, wani lokaci labarai. Na san ta yi nauyi a ƴan watannin nan, in na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba, amma da yake ba inda nake sauri ban damu ba.

Ranar Talata muka gwada. Ɗiyar ta gaya mini inda zan taɓa, na taɓa, muka jira. Na'urar ta yi ta huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya, ƙasanta ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Da ƙyar wani abu ya fito a gilashin, wasu ƴan murabba'ai masu launin ƙasa da fari, kamar an farfasa hoto an baza. Na ji muryar ɗiyar gutsi-gutsi, sai komai ya tsaya cik. Sau huɗu muna yi. A na ƙarshe na'urar ta mutu da kanta. Ɗiyar ta kira ni a ƙaramar waya ta ce lokacin ziyara ya ƙare, kuma mahaifinta ya juya fuskarsa bango. Ya ɗauka ni ne nake kashewa.

Wannan maganar ce ta sa na kira taubashina, ɗan gwaggona. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Ya yi shekaru yana gyaran rediyo a kasuwar Madawa, da rediyo ta ja baya ya koma waya da ordinater, da tabarau biyu a hanci ɗaya kan ɗaya. Washegari da sassafe ya iso a kan moto, wato babur, da ƴar jakar kayan aiki a wuya.

Tun daga ƙofa ya fara. Ya ce ina bawan nan nasa da ya zaga duniya ya dawo bai iya kunna fitila ba. Na ce masa yau ba ni da bakin wasa. Ya dubi fuskata, ya cire takalmi, ya ce in nuna masa.

Na kai shi ɗakina. Ordinater tana inda take kullum, a kan buzuna na tunkiya, lulluɓe da wani tsohon rawani. Tunda akwai karatun Alƙur'ani a cikinta, ban taɓa yarda in ajiye ta a ƙasa ko a tabarmar da ake cin abinci ba. Yadda mahaifinmu yake yi wa littattafansa haka nake yi mata, ko tana aiki rawanin yana naɗe da gefenta. Taubashina ya tsaya yana kallo, ya cire tabarau ɗaya.

"Nan take kwana, nan take aiki?"

Na ce nan.

"Shekara biyu bisa gashin tunkiya. Kai, Alhaji, ko ni anka yi ma haka da na mutu."

Ya kife ta a kan faifai, ya kwance ƙusoshi, ya ɗaga murfin. Ya nuna mini wata ƴar fanka da ba ta fi bakin kofin shayi ba, ya sa tsinke ya fara jawo abu daga cikinta. Gashi ne da ƙura, sun dunƙule sun zama kamar gammo. Yana ja yana fitowa, yana ja yana fitowa, har ya tara abin da ya cika tafin hannu. Ya ce ta ƙasa take shaƙar iska, ni kuma na toshe mata hanci da buzu na rufe mata baki da rawani, in ta ji zafi sai ta rage gudu don kada ta ƙone, in ya yi yawa ta kashe kanta. Na ga ordinater a ofisoshin tashar jirgin ruwa a Lome, na gan su a Jidda a kan teburan gilashi, ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa ba wanda yake shimfiɗa musu komai ba. A zatona rashin ladabi ne irin na birni.

Ya busa ta, ya share, ya mayar da murfin, ya ɗora ta a kan duwatsu huɗu ƙanana don iska ta ratsa. Da ta kunnu ya shiga wani wuri ya nuna mini jerin abubuwan da suke tashi tare da ita duk safiya, waɗanda ban san da su ba, ya hana su ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe ta ya sake kunnawa. Kafin in gyara zama ta farka.

Sai ya koma kan akwatin wifi. Ya tarar da shi a lungu bayan buhunan hatsi, ya ɗauko shi ya ɗora a taga mai duban Madawa, inda ƙarfen rezo, wato sabis ɗin waya, yake. Ya zare wayar wutarsa, ya ƙirga talatin a hankali, ya mayar. Fitilun suka dawo kore, uku a jere. Ya ce rezo kam akwai shi, ba laifin kamfani ba ne. Wajen sha ɗaya ɗiyar ta kira daga asibiti. Wannan karon na'urar ba ta yi huci ba, amma hoton bai canza ba. Na ga wani abu fari da nake jin matashin kai ne, na ga duhu a tsakiyarsa, sai ya daskare. Muka yi ta yi har aka fitar da ita daga ɗakin. Ta ce saura gobe kawai, daga ƙarfe bakwai nasu zuwa takwas, wato takwas zuwa tara namu, daga nan za su tafi da shi.

Taubashina ya zauna yana tauna goro. Can ya kifa akwatin, ya karanta wasu lambobi a gindinsa, ya rubuta su a ordinater. Wani shafi ya buɗe. Ya matso da fuskarsa, ya sa yatsa yana bi, leɓensa yana motsi. Ya tambaye ni waya nawa ce a gidan nan mai shiga intanet. Na ce ɗaya, ta matata.

"To ga ashirin da bakwai nan suna sha."

Na ce ya sake ƙirgawa. Ya sake, ya ce yanzu ma ɗaya ta ƙaru. Ya bayyana mini cewa akwatin kamar rijiya ce mai ido ɗaya, in guga ta yi yawa kowa laka zai ɗebo, kuma kiran da ake ganin fuska ya fi komai shan ruwa. Na tambaye shi ko ɓarayi ne daga nesa. Ya ce abin ba ya wuce taki arba'in, duk wanda yake sha yana jin tarina. Kuma ba mai shiga sai da kod, wato kalmar sirrin da ɗana ya rubuta mana a bayan kalanda.

Na ƙwala wa matata kira da muryar da na daɗe ban yi amfani da ita ba. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu. Ban gama tambaya ba ta ce ita ta bayar, kuma mutum ɗaya ta ba, maƙwabciyarmu ta gabas wadda mijinta yake bida, wato ci-rani, a Libiya. Wata rana ta zo tana kuka, wata uku ba labari, an ce ya aiko da saƙon murya amma ba ta da abin buɗewa. Ita kuma maƙwabciyar ta ba ƙanwar mijinta, ƙanwar ta ba wata. Matata ta ce in ban yarda ba in leƙa bayan katanga.

Na zaga. A inuwar katangarmu ta baya mata bakwai ne ko takwas zaune, wasu da goyo, wata tana tsinkar zogale a ƙwarya. Na saba ganinsu a nan fiye da shekara, har na taɓa yaba wa katangar a raina cewa ta fi ta kowa inuwa. Sai a ranar na lura kowace da waya a kunne ko a cinya. Ɗaya tana sauraren muryar namiji tana murmushi, wata tsohuwa ta riƙe waya da hannu biyu tana gaya wa ɗanta cewa akuyarsa ta haihu. Suka gan ni suka gaishe ni da ladabi, ba wadda ta ɓoye komai, don ba wadda ta ɗauka tana yin abin ɓoyewa. Na amsa na dawo.

A ƙasarmu rabin mazan gari suna bida daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, wasu shekaru ba sa dawowa. Na fi kowa sanin haka, ni ma haka na bar matata. A zamanina kaset muke aikowa a hannun direba, ya yi wata a hanya. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa duk muryoyin nan ta tagar ɗakina suke shigowa unguwa ba.

Taubashina ya ce maganin ba wuya. Zai canza kod ɗin yanzu, kafin a tafasa shayi an gama, duk su zube a bar ni ni kaɗai. Na ce ya canza. A Abijan haka ake yi, na zauna a gidan haya inda maƙwabcinka ba ya sanin sunanka balle kod ɗinka. A Jidda ko tambaya ba a yi.

Matata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa zuwa ɗibar wuta aka koma da kasko wayam ba, kuma wadda ta ɗiba ba ta hana ta gaba. Haka ta ɗauki wannan abin, haka su ma suka ɗauke shi. In aka wayi gari an toshe ba tare da an gaya wa kowa ba, ba za a ce akwati ya lalace ba, za a ce gidan Alhaji sun rufe ƙofa.

"Kai kana da zaure da za ka zamna. Ni da wace huska zan shiga gidan suna?"

Na ce mata ƙanena yana iya mutuwa gobe yana zaton na ƙi shi sau biyu. Ta ce ta sani, shi ya sa take roƙon in bar ta ta bi gida-gida ta gaya musu su kashe wayoyinsu gobe da safe. Taubashina ya girgiza kai, ya ce mutum ashirin da takwas ba sa riƙe alkawari ɗaya, ko ɗaya ta manta ta buɗe bidiyon kokowa an gama. Ni kuma abin da ya tsaya mini daban ne. In za ta roƙe su sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da na faɗa a zaure shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wanda ban taɓa tayar da shi da kowa ba. Na gaya mata haka. Ta dube ni kamar yadda ake duban mai zazzaɓi.

"Alhaji, wa kake zaton bai sani ba? Ranar ma akwai mata a bayan danga."

Daga ƙarshe na ce ta je. Taubashina ya ce shi dai zai kwana, kuma zai bar shafin a buɗe da yatsansa a kai, in takwas saura kwata ta yi bai ga an ragu ba zai canza, kowa ya ji haushinsa shi, dama ba garinsu ba ne. Matata ta yafa mayafi bayan la'asar ta fita, ba ta dawo ba sai da aka kira magariba.

Da safe na idar da wuridi na fito, sai na tarar da tsakar gidana cike. Na ɗauka za su kashe wayoyin su zauna a gidajensu. Su kuwa sun ɗauki abin kamar zaman addu'a. Mata sun shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi, tsofaffin maza huɗu suna zaure da liman, kuma a tsakiyar gida ga babban faifai an tara wayoyi a kai kamar an kawo gudummawar biki. Duk wadda ta shigo sai ta kashe tata a gaban matata ta ɗora. Maƙwabciyar gabas ta durƙusa ta ce in yi haƙuri, ba su san suna tare mini hanya ba. Kunya ta hana ni amsa mata da kyau.

Na shiga ɗaki. Taubashina yana gaban shafin, ya ce saura biyu, ordinater da wata waya guda da ta ƙi sauka. Matata ta fita ta bi faifan ɗaya bayan ɗaya, duk a mace. Aka aika gidajen da ke kusa, ba kowa. Takwas saura minti biyar ya fara zagin mai wayar, ya ce ko wace ce ba ta da tsoron Allah. Yana cikin haka matata ta tambaye shi ina tasa. Ya laluba aljihu. Jiya ya haɗa ta don gwaji ya manta. Ya kashe ta ba tare da ya dubi kowa ba, ya tashi ya fita ya ja mini labule.

Kiran ya shigo. Na taɓa inda aka nuna mini, sai ga fuska ta cika gilashin, tsaf, har ina ganin zaren matashin kai. Na buɗe baki zan ce wa ɗiyar ta kai wayar wurin mahaifinta, don wanda nake gani wani tsoho ne mai farin gemu, kumatu sun faɗa, an naɗe wuyansa da farin ƙyalle. Na girme shi da shekara tara. Mutumin da na kora daga zaure ƙaƙƙarfa ne mai baƙin gashi, kuma shi nake ta yi wa fushi duk shekarun nan. Sai da ya ɗaga gira ɗaya, yadda yake yi tun yana yaro in ya yi laifi, na gane shi.

Na shirya maganganu da yawa, har da na Larabci. Ba wadda ta zo. Na kira shi da sunan da mahaifiyarmu take kiransa, na ce: "Ni na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Ya girgiza kai da ƙarfi har ɗiyar ta riƙe kafaɗarsa. Ya nuna ƙirjinsa da yatsa, ya sake nunawa, yana nufin shi ne mai laifin. Na ce na yafe, duniya da lahira, tun daga ranar har yau. Ya rufe ido. Ruwa ya bi gefen fuskarsa ya shiga kunne, ɗiyar ta goge masa da bakin zanenta. Sannan ya ɗaga tafin hannunsa ya dafa gilashin wayar har ya rufe fuskar, na ɗora nawa a kan nawa gilashin.

Mun yi kusan minti arba'in, hoton bai yanke ko sau ɗaya ba. Na ba shi labarin gonar fadama, da waɗanda suka rasu, da rijiyar da aka sake haƙawa. Ya rubuta a takarda yana tambayar hayaniyar me yake ji. Na ɗauki ordinater da hannu biyu na fita da ita tsakar gida, na juya masa ita. Tsofaffin suka taso daga zaure suna leƙawa, kowa yana faɗin sunansa da na ubansa don ya tuna, liman ya ɗaga hannu aka shafa. Ina riƙe da ita har ma'aikatan asibiti biyu suka shigo da gadon turawa, ɗiyar ta ce, "Baba, sun zo."

Bayan la'asar ta kira a ƙaramar waya. An fito da shi da rai. Likita ya ce muryar ba za ta dawo ba, sauran kuma sai an ga yadda kwanaki za su yi. Ta ce da ya farfaɗo ya nemi takarda, ya rubuta layi ɗaya, yana tambaya ko ɗakinsa na gidanmu yana nan. Ɗakin ya rushe tun damina uku da suka wuce. Na ce ta gaya masa yana nan, na kashe wayar, na tafi neman magini.